Ba Daƙiƙi Ba Ne: Faɗakarwa kan Yaron da Karatu Ya Yi wa Nauyi

A makarantun boko na gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, akwai wani hukunci da ake yanke wa yaro tun bai cika shekara tara ba, wato idan ya maimaita ajin CI ko CP, azuzuwan farko na firamare, bai iya haɗa baƙaƙe ba sai a ce daƙiƙi ne, mushe ya bi shi da bulala, uba ya ƙara masa a gida, daga ƙarshe a tura shi kiwo ko a ɗora wa yarinya tiren talla. Cikin waɗannan yara akwai masu larurar da likitoci ke kira disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa a ƙwaƙwalwa, ga yaron da hankalinsa da idonsa da kunnensa lafiya lau suke. Likitan ido ɗan Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata suna a 1887, kuma ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na yara, larurar tana kuma bin jini a cikin dangi.

Zancen daƙiƙanci kuwa ba ya tsayawa idan aka dubi yaron da kansa. Shi ne wanda ake aika kasuwa da saƙo biyar ya dawo bai manta ko ɗaya ba kuma canji cif, shi ne ya san kowace akuya ta gidansu da kamanninta, sau da yawa ma shi ne yake riga sa'o'insa haddace sura a makarantar allo muddin da kunne ya ji ta, sai an ce ya nuna kalmar da yatsa a kan allo sannan ya daburce. Wannan ba sabon abu ba ne, domin a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda ya kasa karatu, har malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa da shi ne zai zo na ɗaya. Abin takaici shi ne babba ya ga duk waɗannan alamu da idonsa, sannan ya ɗauki dorina. Duka ba ya koya wa ƙwaƙwalwa bambance sautin b da ɓ ko d da ɗ, abin da yake koya wa yaro shi ne tsoron takarda da ƙaryar ciwon ciki da safe, kuma malamin da ya tsayar da irin wannan yaro gaban aji don ƴan uwansa su yi masa dariya ya ci amanar da aka ba shi. Haka nan masu cewa sammu ne ko kambun baka, sukan ɓata wa iyaye kuɗi da shekarun da suka fi amfani, alhali addu'a ba ta hana koyarwa.

Sai dai ba duk mai jinkirin karatu ne yake da wannan larura ba. Wani bincike mai suna PASEC na 2014 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗaliban Nijar da ke kammala firamare ba su kai matakin karatu da ake bukata ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne yaro Bahaushe daga Korgom ko Kanambakashe yana fara haɗa baƙaƙe cikin Faransanci, harshen da bai taɓa ji a tsakar gida ba. Raunin gani ko ji, yunwa, da fashin lakwal lokacin girbi su ma suna da nasu rabo. Don haka ma'aunin farko shi ne a gwada shi da Hausa, wadda rubutunta yake bin furuci kusan sak: a ce ya faɗi sautin farko na kalmar kaza, ko ya raba tumatir gaɓa-gaɓa. Idan bayan wata da watanni na koyarwa mai kyau cikin harshensa yana nan yana tuntuɓe a inda sa'o'insa suka wuce, to akwai dalilin zargi.

A nan ne manhajojin waya suke shigowa, kuma ya kamata iyaye su zaɓa da ido biyu. Manhajar da ta dace ita ce wadda take furta sautin harafi, ba sunansa kawai ba, take tafiya daki-daki daga harafi zuwa gaɓa zuwa kalma, take gyara kuskure nan take ba tare da ƙararrawar tsoratarwa ba, kuma take aiki babu intanet, tun da a ƙauyukan Urafan ko Sarkin Hausa cajin waya kansa kuɗi ne. GraphoGame, wanda aka ƙirƙira a jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finlan musamman domin yara masu wannan larura, yana da zubin Faransanci. Feed the Monster yana da na Hausa. Bloom Reader da African Storybook kuma suna ba da ƙananan littattafan Hausa kyauta, waɗanda ake saukewa sau ɗaya a karanta a gida. Wajibi ne babba ya fara sauraron muryar da ke ciki, domin manhajar da ba ta bambance k da ƙ ɓarna za ta ƙara. Duk wadda ta yi alkawarin warkarwa cikin sati biyu, ko ta cika da tallace-tallace, a goge ta. Tabarau masu launi da ake cewa suna gyara karatu su ma kar a saya, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2009 cewa babu hujjar amfaninsu.

Waya dai ba ta maye gurbin mutum. Minti 15 zuwa 20 kullum, tare da wa ko ya ko malamin bita mai haƙuri a gefe, ya fi awa uku ranar Lahadi yaro shi kaɗai. Hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara a Amurka a shekarun 1930, wato yaro ya ga harafi, ya furta shi, ya zana shi da hannu a lokaci guda, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taso da babbaƙu da farfaru, kuma yashin tsakar gida ya isa allo. A kai yaro asibiti a duba idonsa da kunnensa, a sanar da darakta da kwamitin kula da makaranta domin a zaunar da shi a layin gaba, a ƙara masa lokaci wajen jarrabawa, a kuma riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki.

Kira ga sufetocin ilimi na Tasawa da Mayahi da makarantar horon malamai ta Maraɗi shi ne su sa sanin wannan larura cikin horon kowane malamin CI da CP, su kuma hana dukan yaro a kan karatu.