Hunturu da Hanjin Kifi

 Yau a bakin tankin kifi shirin namu zai yada zango.

Duk mai kiwon tarwaɗa a Kano ko Zariya ya san halin watan Janairu. Ka watsa abinci da sassafe, kifin da suka saba wawaso har suna fantsama maka ruwa a riga, yau ko ɗago kai ba su yi ba. Abinci na ta yawo a sama. Sai hankali ya tashi, a bazama neman magani, alhali galibi lafiyarsu ƙalau. Abincin jiya ne bai bar cikinsu ba.

Kifi ba ya ɗumama jikinsa kamar mu. Yadda ruwa yake, haka jininsa yake. Bangon hanjinsa kuwa tsoka ce mai matsewa tana saki, tana tura abinci gaba kaɗan-kaɗan, kamar hannun mai tatsar nono. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a bangon da ke tsara mata lokacin matsewa, ana kiransu da sunan Kahal, masanin nan ɗan Sifaniya da ya sami kyautar Nobel a 1906. Da ruwa ya yi sanyi, sai tazarar matsewar ta ƙaru, ruwan narkar da abinci ma ya yi sanyin aiki. A kiyasin masana, in zafi ya sauka da digiri 10, aikin jikin kifi kan ragu da kusan rabi.

Tarwaɗa ta fi sakewa tsakanin digiri 26 da 30. Ƙarfasa kuwa, ruwa na sauka ƙasa da 16, sai ta kama bakinta. Abin da ka zuba ya nutse, ya ruɓe, ya ɓata ruwan. Ga buhun abinci da tsada!

To, kada wani ya ce bazara ta raba gardama. A Afrilu hanji na sauri, kifi na jin yunwa, amma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai: miligiram 9 na oksijin a lita ɗaya a digiri 20, kusan 7.5 a digiri 30. Narkar da abinci kuma iska yake ci. Shi ya sa ƙarfasar da ta ƙoshi da tsakar rana kan taso tana haki.

Saboda haka, malam mai kiwo, ka tsoma ma'aunin zafi kafin ka ɗebo abinci. Da hunturu ka rage awo, ka jira azahar ruwa ya ɗumama. Da bazara kuwa, safiya da yamma.