Me ya sa katifa mai laushi ke da haɗari ga jariri?

Iyaye kan auna ingancin katifa da laushinta, alhali ga jariri laushin ne haɗarin. Wuyansa bai yi ƙwari ba; idan fuskarsa ta nutse cikin soso, ba ya iya ɗagowa, sai numfashi ya gagara.

Katifar da ta dace ita ce mai tauri, wadda ke komawa daidai da zarar an danna ta an saki. Dole ta cika gadon, domin giɓin da ya wuce yatsu biyu na iya maƙale kansa. A cire ledarta, a kwantar da shi rigingine, ba tare da matashi ba.

A Amurka har batun ya kai majalisa: dokar 2022 ta haramta sayar da makwancin jarirai mai gangara.