Abin Hannu ko Jama'a?

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyakar Illela da Birnin Konni, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Duk wanda ya san wannan yanki ya san abin da hakan ya jawo. Manyan motoci sun yi dogon layi a bakin titi, ɗan kabu-kabu yana kan babur tun hantsi babu fasinja, kasuwar Lahadi ta Illela ta rage armashi. A wancan zama ne wata tambaya ta riƙa yi mini yawo a zuciya: me ke faranta ran mutum a kullum, abin hannu ko jama'a?

Kada wanda ya ƙoshi ya ce mana kuɗi ba komai ba ne. A ƙauyukan yammacin Kenya, ƙungiyar GiveDirectly ta tura wa gidajen talakawa kuɗi ta waya ba tare da sharaɗi ba. Binciken Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro da ya fito a 2016 ya nuna damuwar waɗannan mutane ta ragu, gamsuwarsu da rayuwa ta ƙaru. Wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. Magidancin da ya kwana da tiyar gero a ɗaka, barcinsa daban ne. Sai dai daɗin kuɗi yana dusashewa: naira dubu goma da ke share hawayen lebura, a wurin babban dillalin shanu ba ta ko ɗaga gira.

Zumunci kuwa ba a ƙoshi da shi haka. Tun 1938 jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bibiyar rayuwar maza 724, masu hali da marasa shi, har tsufansu. Robert Waldinger, mai jagorantar binciken, ya bayyana cewa waɗanda suka fi jin daɗin zama da mutanensu suna shekara 50, su ne suka fi lafiya suna 80. Kaɗaici yana cin jiki kamar yadda gara ke cin azara, a hankali, daga ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda biyun suka haɗu. A 2008 Elizabeth Dunn da abokan aikinta suka ba mutane dala 5 ko 20 a Kanada. Wasu aka ce su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani. Da yamma, masu kyautar ne suka fi farin ciki, kuma yawan kuɗin bai sauya komai ba. Kwanon tuwon da ake ba yaro ya kai maƙwabta bayan magariba ke nan, da gudummawar suna, da goron da ake miƙa wa tsoho a majalisa.

Ni dai na karkata ga jama'a, domin cinikin iyaka yana hannun Abuja da Yamai, gaisuwar maƙwabci kuwa tana hannunka. Na ga wani dattijo a lokacin rufewar, aljihunsa wayam, ya ranci kuɗin kati don ya kira ƙanwarsa da ke aure a Konni. Sun gaisa, sun tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har katin ya ƙare suna tsakiyar dariya. Ya maida wayar aljihu, ya ce wa mai shayi, "Malam, zuba mini, gobe na biya."