Yadda jerin kayanka ke tafiya a intanet, da inda yake karkacewa

Wani mai sayar da yadi a babbar kasuwar Maradi ya same mu a gidan rediyo ransa a ɓace. Ya ce ya yi odar atamfa turmi 5 wajen wani dila na Kano ta hanyar cika fom a intanet, amma da mota ta iso ta Ɗan Isa sai ga turmi 40 tare da takardar bashi. Shi ya rantse 5 ya rubuta, dilan kuma ya rantse 40 ya gani. Wannan ya sa muka je wajen masu gina irin waɗannan shafuka, inda muka gane cewa duk su biyun gaskiya suka faɗa.

Abu na farko da ya kamata ƴan kasuwa su sani shi ne shafin intanet ba ya da tunani. Da ka danna maɓallin aikawa, wayarka za ta tura abin da ka rubuta zuwa babbar kwamfutar mai shafin, wadda ake kira uwar garke, ita kuma ta maido maka shafi na gaba, daga nan ta manta da kai. Saboda haka dole jerin kayan ya bi ka daga shafi zuwa shafi, kamar yadda takardar kaya ke bin direba daga shinge zuwa shinge.

A uwar garken akwai manhajar da ke karɓar jerin. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su ita ce PHP, wadda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Tana tara gurabe masu suna ɗaya ta jera su da lamba, sunayen kaya a jeri guda, adadinsu a wani jerin. To a nan gizo ke saƙa, domin ƙa'idar fom ita ce akwatin da ba a yi wa alama ba, ba a aika shi sam.

Abin da ya samu mutuminmu ke nan. A layi na farko ya zaɓi shadda 10. A na biyu ya rubuta mayafi 40, sai ya fasa, ya cire alamar amma ya bar lambar. A na uku ya zaɓi atamfa 5. Sunaye biyu suka tafi, lambobi kuwa uku, sai atamfa ta hau layi na biyu ta ɗauki 40 ɗin mayafi. Kuskuren na wanda ya gina fom ɗin ne, wanda bai ɗaure kowane suna da adadinsa a lamba ɗaya ba.

Masu dogon jeri su ma da nasu haɗarin. Tun 2012 PHP take zuwa da iyakar gurabe 1000 a aike ɗaya, sai fa in mai shafin ya ƙara. Idan kowane kaya yana da gurabe huɗu, wato suna, launi, adadi da farashi, layi 250 ke nan. Abin da ya haura zubar da shi ake yi, kuma sau da yawa mai odar ba ya ganin wani gargaɗi.

Hanya biyu aka fi bi wajen kai jeri gaba. Ta farko a ɓoye shi cikin shafin da ke hannun mai saye. Wannan kamar ka ba mai saye littafin bashinka ne ya riƙe, domin wanda ya iya zai canza farashi kafin ya aika. Ta biyu a ajiye jerin a uwar garke, a ba wayarka ƴar lambar shaida da ake kira kuki, dabarar da Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro a 1994. Wannan ta fi tsaro, sai dai ajiyar tana da wa'adi, wanda a tsarin PHP na asali minti 24 ne. Idan ka tafi salla ko layi ya yanke ka daɗe, kana iya dawowa ka tarar kwandon ba komai.

Shawararmu ga ƴan kasuwa ita ce layin da ka fasa, ka goge lambarsa. Kada ka amince da oda sai ka ga shafin ƙarshe mai nuna suna, adadi da kuɗi, ka bi shi layi-layi, ka ƙidaya, ka ɗauki hotonsa ka tura wa dila. Oda mai tsawo a raba ta biyu ko uku. Wanda kuma zai ba wani yaro aikin gina masa shafin kanti, ya tambaye shi a ina farashi yake zama, amsar da ake so ita ce a uwar garke.

Mutumin namu da dilansa sun sasanta, turmi 35 sun koma Kano, suka raba kuɗin mota. Ya ce mana yanzu ko mudu ɗaya zai saya ta waya, sai ya karanta shafin ƙarshe sau biyu.