Akwatunan Wasa Na Da: Wace Ƙwaƙwalwa Ce Za Ta Iya Ɗaukarsu?

A cikin shekarar 1980 kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fito da wasan nan mai suna Pac-Man. Akwati ne na katako mai tsayin mutum, da allon talabijin a gabansa, da sanda ta tuƙi, da wata 'yar kafa inda ake jefa kuɗi kafin a fara wasa. Ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da shi, watau abin da ma'abota sana'ar ke kira firosesa, ita ce Z80 ta kamfanin Zilog, wadda ke bugawa sau miliyan 3 da ɗoriya a cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙwaƙwalwar kwamfutar yau kuwa ta ninka wannan fiye da sau dubu. Duk da haka, masu harhaɗa irin waɗannan akwatuna a gidajensu, musamman a Amurka da Turai, sukan sayi sabuwar na'ura mai tsada, sa'an nan su tarar wani tsohon wasa yana tafiya yana ɗingishi, muryarsa tana kakkatsewa.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala shi ne akwatunan asali suna ƙarewa. Katako yana ruɓewa, kayan lantarkin ciki suna lalacewa, an kuma daina ƙera irin allunansu. Wasu ma da ajalinsu aka gina su. Na'urorin CPS-2, waɗanda kamfanin Capcom ya fara fitarwa a 1993, suna ajiye mabuɗin sirrin wasan ne bisa ƙarfin wani ɗan batir. Ranar da batir ya mutu, wasa ya bi shi, ko da yake daga baya masana sun gano hanyar farfaɗo da su. Don kada waɗannan wasanni su salwanta ne wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ya fitar da manhajar MAME a watan Fabrairu na 1997. Aikinta shi ne ta sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar na'ura, har wasan ya gudana a kanta ba tare da an sake masa komai ba. Wasannin kansu dai mallakar kamfanoninsu ne, manhajar ba ta zuwa da su.

To, a nan ne nauyin yake. Kwaikwayo tamkar aikin tafinta ne: kowane umurni da tsohuwar ƙwaƙwalwa za ta zartar, sai sabuwar ta karanta shi, ta juya shi zuwa nata harshe, ta kuma kiyaye lokacin da ya kamata ya ɗauka. Ba ƙwaƙwalwa ɗaya kaɗai ake kwaikwayo ba. Wasan Street Fighter II na 1991 yana da Motorola 68000 mai bugu miliyan 10, da Z80 mai kula da sauti, da wasu sassa masu zana hoto da fitar da kiɗa. A cikin akwatin asali dukansu suna aiki ne a lokaci guda, kowa yana jiran alamar ɗan'uwansa. A cikin kwamfuta kuwa sai a riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, a tura wannan gaba kaɗan, a tsaya a tura wancan, don kada wani ya wuce wani. Irin wannan aiki ba ya rabuwa cikin sauƙi.

Saboda haka yawan cibiyoyin lissafi da 'yan kasuwa ke tallar ƙwaƙwalwa da shi bai tsinana wa mai akwatin wasa abin kirki ba. Galibin aikin MAME a kan cibiya ɗaya yake sauka, sauran suna zaune. Abin dubawa shi ne ƙarfin cibiya guda. Masu wannan sha'awa sun ga misalinsa ƙuru-ƙuru a 2014, sa'ad da kamfanin Intel ya fitar da Pentium G3258, ƙwaƙwalwa mai araha, mai cibiya 2 kacal, wadda aka bar ƙofar ƙara mata gudu a buɗe. A wasanni da yawa ta sha gaban FX-8350 ta kamfanin AMD mai cibiya 8, alhali kuwa a takarda ta biyun ce ta fi yawan bugu. Adadin bugu ma ke nan ba shi ne hukunci ba, sai an san yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu.

Wanda ya san abin da yake yi, jerin wasanni yake fara rubutawa kafin ya je kasuwa. Idan burinsa Pac-Man ne da Space Invaders na 1978 da tsararrakinsu, 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa a Ingila a 2012, ta ishe shi. Idan kuwa ya sa rai ga irin su Killer Instinct na 1994, mai ƙwaƙwalwa mai bugu miliyan 100 da faifan ajiya a cikinsa, to sai cikakkiyar kwamfuta. Amma tsufan wasa ba kullum yake nuna sauƙinsa ba. Pong na 1972 ba shi da ƙwaƙwalwa ko ɗaya, zallar wayoyi ne da ƙananan sassan lantarki, don haka tilas a kwaikwayi tafiyar wuta a cikinsu ɗaya ɗaya, abin da ya sa ya fi Pac-Man cin ƙarfi.

Akwai wata hanyar kauce wa kashe kuɗi, watau amfani da tsohuwar fitowar MAME, kamar ta 2003, wadda ba ta da nauyi. Sai dai sauƙin nata ya samu ne daga 'yan dabarun yanke hanya da kura-kuran da aka gyara daga bisani, a launi ko sauti ko saurin wasa. Ga mai neman nishaɗi babu laifi. Ga wanda ya ce adana tarihi yake yi kuwa, wannan ragon azanci ne.

Bayan saye sai saiti. Ma'aunin farko a cikin manhajar yake: maɓallin F11 yana nuna saurin wasa, kuma abin da ake nema shi ne kashi 100 daram, ba tare da tsallake hotuna ba. Allon Pac-Man yana sabunta hoto sau 60 da ɗan ɗoriya a daƙiƙa, ke nan ƙwaƙwalwa tana da kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ta gama lissafin kowane hoto. Wasu wasanni, kamar Mortal Kombat na 1992, ba su kai 60 ba, kuma in aka tilasta musu bin allon zamani sai su yi sauri fiye da asalinsu ko hoton ya riƙa tsagewa. Masu neman daidaito sukan koma ga reshen manhajar da ake kira GroovyMAME tare da tsohon allo mai ƙeya.

A nan rarar ƙarfi take da amfani. GroovyMAME tana raba lokacin kowane hoto gida goma, ta bar mai akwati ya zaɓi jinkiri daga 0 zuwa 9. In ƙwaƙwalwa mai sauri ce, sai ta jira har kusan ƙarshen lokacin kafin ta duba abin da ɗan wasa ya danna, ta yi lissafi nan take. Ta haka tazarar da ke tsakanin motsin hannu da abin da ido ke gani take raguwa. In aka ɗaga jinkirin fiye da ƙarfinta, sauti ne zai fara tona asiri.

Saura zafi. Akwati rufaffe ne, ƙwaƙwalwa kuma in ta yi zafi da kanta take rage gudu, har wasan da ya tafi daidai da safe ya soma sanɗa da rana tsaka. A ƙasashe masu zafi da ƙura, gara a haƙura da ƙara mata gudu, a huda bayan akwatin a kafa fanka mai fitar da iska, a sa rariya a mashigarta. Ana kuma kashe tsarin tsimin wuta, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙa gyangyaɗi, a saita kwamfutar ta tashi da kanta da zarar wuta ta shigo, ta zarce cikin jerin wasanni. Mai amfani da Raspberry Pi kuwa ya ajiye kwafin katin ajiyarsa a gefe, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki takan lalata abin da ke cikinsa.