Daga Kogon Haƙori Zuwa Zuciyar Yaro

"Ai haƙoran nono ne, za su zube wasu su fito." Abin da iyaye da yawa ke faɗa ke nan a Kafin Hausa da ƙauyukanta idan yaro ya dafe kunci yana kuka. A cusa masa kanumfari a kogon, a sayo farasitamol a kemis, a ba shi alawa ya yi shiru.

Alhali baki ba a ware yake da sauran jiki ba. Dasashin da ya kumbura har yana jini ƙofa ce a buɗe, kuma ta nan ƙwayoyin cutar da ke cikin baki ke faɗawa magudanar jini. Lafiyayyen yaro jikinsa kan kashe su nan da nan. Amma wanda aka haifa da tawaya a zuciya, ko wanda ƙofofin zuciyarsa suka sami rauni, a nan ƙwayoyin ke samun wurin maƙalewa su hayayyafa. Likitoci na kiran wannan endokadaitis. Maganinsa makonni ne na allurai a gadon asibiti, wani lokacin har da tiyata, kuma yana kisa.

Irin waɗannan yara muna da su a ƙasar Hausa. Ciwon maƙogwaron da aka yi sakaci da shi, ko aka kai wa wanzami ya cire beli maimakon a je asibiti, yana iya rikiɗewa ya zama zazzaɓin da ke lalata ƙofofin zuciya. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sun daɗe suna rubutu a kan wannan cuta, wadda ke kashe sama da mutum 300,000 duk shekara a duniya.

Akwai kuma illar da ke tafiya a ɓoye. A ƙasar Finland an duba bakin yara 755 a shekarar 1980, aka sake gwada su a 2007. Waɗanda suka taso da ruɓewar haƙori da ciwon dasashi sun fi samun kaurin bangon jijiyar wuya, alamar farko ta toshewar hanyar jini. Binciken, da aka wallafa a 2019, alaƙa ya nuna, ba hukunci ya yanke ba, amma ya isa a tsaya a yi tunani.

Abin takaicin shi ne rigakafin yana hannunmu tun da can. Aswaki sunna ne, dattawa ba sa rabuwa da shi, sai dai yaro ba kasafai ake miƙa masa ba. Da aswakin da buroshi da man goge baki mai fuloraid, a goge safe da dare tun daga haƙorin farko, uwa ko uba na riƙe da hannun yaron har ya kai kamar shekara 7.

Wanda likita ya ce ɗansa na da ciwon zuciya, kada ya yarda a cire masa haƙori a kasuwa. Ya kai shi babban asibitin Kafin Hausa ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ya kuma faɗi ciwon tun kafin a taɓa bakin.