Hunturu Da Notin Bindigar Maharbi

Jama'a, hunturu ya kama, maharbanmu masu lasisi sun fara shirin daji. Sau da yawa mukan ji maharbi yana kukan bindigarsa ta daina saiti, ya zargi harsashi, wani ma ya ce sammu aka yi masa. Alhali kuwa wani lokaci laifin noti biyu ne kacal, waɗanda suka haɗe ƙarfen bindiga da kotarta ta ƙasa.

Da damina katakon kota yakan kumbura. Iskar hunturu na busowa sai ya bushe ya tsuke, noti ya saki. Daga nan ƙarfe ya riƙa motsi duk sa'ad da aka harba. Harsashi ya bauɗe, a raunata dabba ta tsere da wahala, ko kotar ta tsage.

Gyaran ba wuya. Da farko a cire harsashi, a leƙa a tabbata babu kome a ciki. A ɗan sassauta notin duka biyu, a tsayar da bindiga bisa gindinta, baki sama, don ƙarfe ya zauna daram. A fara ɗaure na gaba, sannan na baya, kaɗan-kaɗan, da sukundireban da ya dace da tsagar notin. In ya kama sosai, a tsaya. Ƙarfin tuwo ba shi da amfani a nan, domin yawan matsewa yana murƙushe katako, ya cinye zaren noti.

Bayan haka a sāke gwada saiti inda babu mutane ko dabbobi. Wanda bai iya ba, ya kai wa masani. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye mu.